Yadda Ake Auna Zafin Iskar Jaririn Tauraro

Duk wanda ya taɓa kwana waje a Sharabi lokacin ɗari ya san taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. To, can kusa da su akwai wani jaririn tauraro, HL Tauri, wanda haskensa ke yin shekara kamar 450 kafin ya iso mana. Ido ba ya ganinsa. Iska da ƙura sun kewaye shi kamar faifai, kuma cikin irin faifan nan ne duniyoyi ke dunƙulewa.

Yaya za a auna zafin abin da hannu ba ya kaiwa? Ku dubi maƙeri. Ba ya taɓa ƙarfe, launinsa kawai yake dubawa ya san ya gasu. Haka masana ke yi. Cikin faifan akwai iskar kabon monoksaid, watau mugunyar iskar nan ta gawayi mai kisa a rufaffen ɗaki. Tana fitar da wani haske irin na rediyo, wanda ke ƙara ƙarfi in ta ɗumama. Na'urar ALMA, mai kwanoni 66 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ita ke kama shi. Ita ce ta ɗauki hoton faifan HL Tauri a 2014.

Sai dai "zafi" suna ne kawai! A gefen irin faifan nan akan sami digiri 250 ƙasa da sifiri. Awon yana nuna inda ruwa ke daskarewa. Kusa da tauraro duniyar dutse irin tamu ke samuwa, bayan iyakar ƙanƙara kuwa ƙattai irin su Mushtari.