Ko Kun Sani? Wayarku Tana Iya Shayar da Wata Na'ura Intanet

Ko kun san cewa wayar da ke aljihunku tana iya zama ƙaramar tashar intanet? Idan aka kunna hotsifot, wayar takan ɗebo data daga layin da ke cikinta, ta raba wa kwamfutar hannu ko wata wayar da ba ta da sim, ta hanyar Wi-Fi. Google ya saka wannan dabara a Android 2.2 a 2010, Apple kuma ya kawo ta iPhone a 2011.

Sai dai wayar aiki biyu take yi a lokaci guda: tana karɓa daga turken sadarwa, tana kuma watsawa. Shi ya sa za ku ji bayanta ya ɗau zafi, caji na zuba kamar ruwa a kwando. Abin da ya fi damuna shi ne data. Na'urar da aka jona takan ɗauka Wi-Fi na gida ta samu, sai ta shiga sabunta manhajoji ba sallama, kafin a ankara gigabait guda ya tafi.

Don haka ku tsayar da sabuntawar, ku sa lambar sirri mai ƙarfi, kuma ku kashe hotsifot ɗin da zarar kun gama.