Lowell: tattaki a bakin gulbin da ya taɓa tufatar da Amurka

Kilomita kamar 40 arewa maso yamma da birnin Boston na ƙasar Amurka akwai wani gari da ake kira Lowell. Yana bakin gulbin Merrimack, daidai inda wani ƙaramin gulbi mai suna Concord ya faɗo cikinsa. An shimfiɗa hanyar ƙafa a gefen ruwan, babu hawa babu gangara, tsoho da mai goyo duk suna iya bin ta, kuma ba a biyan ko dala. Mai sana'ar atamfa ko yadi, in Allah ya kai shi can, bai kamata ya wuce ta ba.

Yawancin baƙi daga masaƙar Boott suke farawa. An kafa ta a 1835. Ginin jan bulo ne mai hawa da yawa, da hasumiyar agogo a tsakar gida. Yanzu wani sashe ya zama gidan tarihi, inda aka jera injunan saƙa fiye da 80 na shekarun 1920. Idan aka tada wasu daga cikinsu, ƙarar takan sa a miƙa wa baƙo abin toshe kunne. To, a tuna cewa wasu sun wuni cikin wannan ƙara, kwana shida a sati.

Su wane ne? Ƴan mata ne ƴaƴan manoma, galibi masu shekara 15 zuwa 30, da aka kwaso daga ƙauyukan yankin. Ƙararrawa ke tada su tun kafin gari ya waye, ita ce kuma ke sallamarsu da dare. Awa kamar 73 suke yi a sati. Kamfani ne ya gina musu gidajen kwana, ana cire dalar Amurka 1 da santi 25 kowane sati kuɗin ci da makwanci, ƙarfe 10 na dare a rufe ƙofa. Duk da haka sun yi ta zuwa, domin kuɗi ne a hannu, na kansu, abin da gonar uba ba ta ba su. Wata ta tara na aure, wata ta biya wa ƙanenta makaranta, wata ta ajiye a banki.

Amma ba su zama tumaki ba. A 1834 da aka rage albashi, ɗaruruwansu suka fito titi. A 1836 aka ƙara kuɗin makwanci, fiye da 1,500 suka ajiye aiki. A 1845 wata ma'aikaciya, Sarah Bagley, ta jagoranci ƙungiyar mata mai neman a mayar da aiki awa 10 a yini. Ƴan majalisar jihar Massachusetts suka saurare su, suka kuma ƙi. Sai a 1874 dokar ta fito, lokacin mafi yawan waɗanda suka fara kokawar sun daɗe da barin masaƙa.

Daga Boott hanya ta bi gulbi ta nufi sama. Ruwa a dama, dogayen katangun masaƙu a hagu, ɗaya bayan ɗaya. Wasu an rushe, da yawa sun koma gidajen haya da ofisoshi. Ana ratsa ƙarƙashin gadar ƙarfe ta titin Aiken, a wuce filin wasan ƙwallo.

Wanda ya daure ya ci gaba zai isa magangarar ruwa ta Pawtucket, kuma nan ne asirin garin yake. Gulbin yana sauka mita kusan 10 a ɗan taƙi. Attajiran Boston suka ga ƙarfi ne na banza yana zuba, suka saye filayen, suka sa baƙi ƴan Ailan haƙa magudanai da hannu, tsawon kilomita 9 gaba ɗaya. Ruwan ke juya injuna. Masaƙa ta farko ta fara aiki a 1823. Sunan garin kuwa na Francis Cabot Lowell ne, ɗan kasuwar da ya ziyarci masaƙun Ingila, ya haddace ƙirar injinsu a ka, tunda doka ta hana fita da zane. Ya rasu a 1817, bai ga garin ba.

Akwai abin da katangun ba sa faɗa. Audugar da ake saƙawa daga kudancin Amurka take zuwa, bayi baƙar fata ƴan asalin Afirka ke tsinkarta a ƙarƙashin bulala. Har wani yadi mai kaushi ake saƙawa a Lowell a mayar kudu don suturar bayin. Riba sau biyu ke nan a kan mutum guda.

Mutuwar masaƙun ba ta zo da wani abin mamaki ba. Tun daga shekarun 1920 jari ya fara ƙaura zuwa jihohin kudu, inda ƙwadago ya fi araha. Boott ta rufe a tsakiyar shekarun 1950. Ƴan kasuwar Maraɗi da suka ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, atamfar Sin ta cika rumfuna, ba sa bukatar dogon bayani. A 1978 ne gwamnatin tarayya ta mayar da tsohon yankin masaƙun wurin tarihi na ƙasa, aka hana sauran gine-ginen bin sahun waɗanda aka rushe.

Garin bai daina karɓar baƙi ba. Bayan ƴan Ailan, Faransawan Kanada da Girkawa da ƴan Fotugal sun zo. Daga shekarun 1980 ƴan gudun hijirar Kambodiya suka sauka, har Lowell ta zama gari na biyu wajen yawansu a Amurka, da kantunansu da gidajen abincinsu. A watan Agusta sukan yi bikin ruwa, a yi tseren dogayen kwale-kwale a kan Merrimack. Mai son bin siririyar hanyar da ke kan katangar babbar magudanar arewa, tsakanin ruwa biyu, ya je lokacin zafi: ana rufe ta da hunturu, da kuma duk ranar da gulbi ya cika.