Ko Kun Sani?

Ƙarancin rijiyoyi a kan hanyar Filinge zuwa Tawa na cikin dalilan da suka sa aka sake zana iyakar Nijar da Najeriya.

A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, duk abin da ya faɗo ciki ya zama rabon Ingila. A takarda abin ya yi daidai. Amma ayarin Faransawa da ke barin kogin Kwara zuwa Damagaram dole ya kewaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, ya ratsa tudun faƙo inda ake doguwar tafiya ba a ga ruwa ba. Faransa ta matsa lamba, aka gyara iyakar a 1904 da 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho na Faransa ta bi ƙasar da ƙafa daga 1906 tana auna wurare tana sa su a taswira.

Ita kuwa Filinge tana zaune ne cikin Dallol Bosso, kwarin wani tsohon kogi da ya taso daga Azawak ya gangara har Kwara kusa da Bumba. Kogin ya ƙafe tun dubban shekaru, amma a cikin kwarin ruwa yana kusa, a kan tudu kuwa sai an yi haƙa mai zurfin gaske. Shi ya sa garuruwan Kurfai, wato yankin Filinge, suka jeru a bakin kwarin. Kurfayawa da makiyaya sun san wannan tun kafin a zana taswirar farko.