Wutar da ba ta ƙuna, mai kashe ƙwayoyin gyambo

Ƴan'uwa manoma, mu a ƙasar Arewa mun san aikin wuta a jikin mutum. Idan maruru ya nuna, ko kumburi ya ƙi fashewa, wanzami yakan sa kibiya a garwashi har ta yi ja, ya yi sakiya. Mugunya ta fita, amma wuta ba ta zaɓe. Ta ƙona nama mai ciwo, ta ƙona mai lafiya, ta bar tabo.

Likitocin tiyata ma suna aiki da zafi. Tun shekarar 1926, a Amurka, aka fara yin tiyata da wuƙar lantarki, wadda ke ƙona bakin jijiya don jini ya tsaya. Yanzu kuwa an samo wata wuta da ba ta ƙuna. Sunanta filasma mai sanyi.

Mene ne filasma? Mu ɗauki ruwa. In ya daskare, ƙanƙara ne. In ya narke, ruwa ne. In ya tafasa, tururi ne, wato iska. To, in aka ƙara wa iska ƙarfi ƙwarai, sai ta rikiɗe ta yi haske. Wannan shi ne filasma. Rana filasma ce. Walƙiyar da muke gani da damina a kan Dallol Mawri ita ma filasma ce. Har tana yi wa gonakinmu aiki, domin tana haɗa wani sinadari na taki a cikin iska, ruwan sama ya sauko da shi ƙasa.

Amma walƙiya kisa take yi. Aikin da masana suka yi shi ne rage mata zafi. A garin Greifswald na ƙasar Jamus an ƙera wata na'ura mai kama da babban alƙalami, ana kiranta kINPen MED. An ba ta izinin aiki a jikin majinyata a shekarar 2013. Wata iska da ake kira argon tana fitowa daga kwalba, lantarki ya kunna ta, sai wani siririn harshe mai haske ya fito a bakin alƙalamin. Zafinsa bai kai digiri 40 ba, kusan ɗumin jikin mutum ke nan. Likita yana bi da shi a kan rauni sannu a hankali. Sinadaran da ke cikin harshen suna huda fatar ƙwayoyin cuta su mutu, har da waɗanda suka gagari magani. Suna kuma zuga jini ya zo wurin, sabon nama ya tsiro.

An gwada, ba da baki kawai aka faɗa ba. A shekarar 2010, likitocin wani asibiti a birnin Munik suka ba da labarin majinyata 36 masu tsohon gyambo. An yi musu filasma minti 5 kowace rana. Ƙwayoyin cuta suka ragu da kashi 34 cikin 100 fiye da inda ba a yi ba. A shekarar 2020 kuma, wani gwaji a kan masu ciwon suga, a Jamus ɗin, ya nuna gyambon ƙafarsu ya fi saurin rufewa. A Amurka ana gwada ta a cikin tiyatar ciwon daji, a bi da ita wurin da aka cire ƙari, ko za ta kashe abin da wuƙa ta bari. Wannan har yanzu gwaji ne.

Ga abin da ya kamata mu lura da shi. A gwaje-gwajen gyambon nan, ba a daina wa kowa wanki da ɗauri ba. Filasma ƙari ce a kan kulawar da aka saba. Tana kuma son lantarki marar yankewa, da kwalbar iska, da kuɗi masu yawa. Wanki da ɗauri kuwa muna da su a Kore Mairuwa.

Mu dubi yadda gyambo yake farawa a nan. Hauya ta sari ƙafa a lokacin noma, ko ƙaya ta soke ta. Mai gona ya ce aiki ba ya jira, ya barbaɗa ƙasa ko toka, wani ma har da kashin shanu. A ganinmu wannan shi ne mafi muni, domin a cikin ƙasa da kashin dabbobi ƙwayar tetanos take, ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki. Bayan mako biyu ƙafa ta kumbura, ciyawa ta cinye hatsi, magidanci yana kwance.

Idan an ji rauni, a wanke shi nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da tsumma wankakke. A tafi gidan likita ran nan, a tambayi allurar tetanos. In rauni ya yi wari, ko ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada a kwana. In ma'aikacin lafiya ya tura mu babban asibiti a Dogon Dutsi ko Doso, mu tafi. Mai ciwon suga kuwa sau da yawa ba ya jin zafin rauni a ƙafa. Sai ya riƙa sa takalmi, kuma kowane maraice shi ko wani na gida ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu.