Jini Ba Ciwo, Kada a Jira Safiya

A ƙauyukan Majiya, tsakanin Buza da Madawa, har kan tudun Adar wajen Keita, in mai tsohon ciki ta ga jini ba ta jin ciwo, sai a ce ta kwanta, zai ɗauke. Yakan ɗauke ɗin kuwa, kuma nan ake ruɗuwa. Jan jini da ya zo ba naƙuda bayan wata 6, sau da yawa mabiyiya ce ta sauko ta tare bakin mahaifa. Irin wannan mace ba ta haihuwar ɗaki ba ce. Kada ungozoma ta sa mata hannu, yatsa ɗaya ya isa ya ɓalle jinin.

Akwai wadda ta fi wannan: mabiyiya ta kafe cikin naman mahaifa ta ƙi rabuwa. An fi ganin haka ga matan da aka taɓa ciro wa ɗa ta tiyata, domin kan tabon take kamawa. Duk mai tabo ta nemi hoton ciki a wurin awo, a gaya mata inda mabiyiyar take.

Dab da haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa ya haura rabin lita a minti guda, alhali duka na jikin mace lita 5 ne zuwa 6. Shi ya sa likita ba ya tsayawa shawara. Zai yi allurar da ke tsuke mahaifa, ya ɗinke gurbin mabiyiya. In jini ya ƙi, ya ɗaure mahaifar tamau da zare kamar kayan da aka ɗora wa jaki, ko ya ɗaure jijiyoyin da ke kai mata jini. In duk ya gagara, cire mahaifar ne. Maigida, ka sa hannu a takardar amincewa tun kafin a shiga tiyata, ba lokacin kiran dangi a waya ba ne.

Tun 2005 gwamnatin Nijar ta mai da tiyatar haihuwa kyauta. Shirin ƙasa na tsai da jini da aka fara a 2014, binciken da mujallar Lancet Global Health ta fitar a 2023 ya nuna ya rage mutuwar mata daga zubar jini bayan haihuwa da fiye da rabi. Amma jini kam ba a ƙera shi, a hannun 'yan'uwa yake. In an ce a wuce asibitin Madawa, Galmi ko Tawa, ku tafi da majiya ƙarfi biyu ko uku masu iya bayarwa. In haihuwar za ta faɗo damina, lokacin da koramu ke yanke hanya, a kai mai cikin kusa da asibiti tun wata 8.