Wuski: tsakanin aikin ganga da kwalliyar kwalba

A watan Nuwamban 2023 aka yi gwanjon kwalba ɗaya ta wuskin Macallan na 1926 a gidan Sotheby's da ke Landan, ta tashi a kan fam miliyan biyu da 'yan kai. Irin wannan labari ne ke rura jita-jita a kan masu sha'awar ɗanɗana wuski suna ba shi maki, harkar da ta kafu a Sikotilan da Japan da Amurka. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, babu ja a kansa. Abin da ake nema a nan shi ne bambance aya da tsakuwa, domin abin da ya tabbata a harkar yana cikin ganga da hanci, abin da bai tabbata ba kuwa yawanci a jikin kwalba da farashi yake.

A fara da batun shekaru. Ana cewa idan mutum ya ajiye kwalba a ɗakinsa shekara ashirin, wuskin zai ƙara nuna. Ba haka ba ne. Wuski a cikin gangar katako kaɗai yake nuna, ranar da aka ɗura shi a kwalba lissafin shekarunsa ya tsaya. Dokar wuskin Sikotilan ta 2009 ta wajabta ya yi aƙalla shekara uku a gangar itacen oak, ƙarfin barasarsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari, sannan lambar da aka rubuta a kwalba, 12 ko 18, shekarun mafi ƙuruciya ne a cikin haɗin. Launi ma ba shaida ba ne, don dokar ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari da ake kira E150a, sai ɗan shekara biyar ya fito da duhun ɗan shekara ashirin. Wani zai ce ke nan shekarun duk talla ne. Wannan kuma ya wuce gona da iri: itacen ganga ne ke ba wuski launinsa na asali da babban kaso na ƙamshinsa. Sai dai shekara a wani wuri ba ita ce shekara a wani ba. A sanyin Sikotilan kusan kashi 2 cikin ɗari ke bin iska daga ganga a shekara, a zafin Bangalore ta Indiya, inda ake yin wuskin Amrut, asarar ta ninka haka sau da yawa, wuskin kuma ya nuna da wuri.

Masu shakka kan ce masu ɗanɗanon nan burga kawai suke, da zancensu na ƙamshin hayaƙi da zuma. Rabin zargin ba daidai ba ne. Hayaƙin da ake ji a wuskin tsibirin Islay, irin su Laphroaig da Ardbeg, daga ruɓaɓɓiyar ciyawar fadama yake da ake ƙonawa a busar da tsiron sha'ir, kuma ana iya auna sinadaransa a ɗakin gwaji. Ƙwararrun masu haɗa wuski ma da hanci suka fi aiki, bayan sun sirka shi da ruwa. Sirkin nan da wasu ke ɗauka cin mutunci ne ga abu mai tsada, binciken Björn Karlsson da Ran Friedman na Jami'ar Linnaeus a Suwidin, a 2017, ya nuna yana taimaka wa sinadarin guaiacol ya taso sama inda hanci zai kama shi. Ɗaya rabin zargin kuwa yana da tushe. Lokacin da mai sharhin wuski Jim Murray ya ayyana wuskin Japan Yamazaki Sherry Cask na 2013 a matsayin gwarzon duniya a littafinsa na 2015, farashin wuskin Japan ya yi tashin gwauron zabi, alhali ra'ayin mutum ɗaya ne. A 2018 kuma, da aka gwada tsofaffin kwalabe 55 a wata cibiyar binciken jami'o'in Sikotilan, 21 jabu ne, kuma awon sinadarin kabon ne ya tona asirinsu, ba harshen wani gwani ba.

Jita-jitar da ta fi haɗari ita ce wai wuski mai tsada ba ya cutar da jiki kamar mai araha, ko yana ɗumama mutum a sanyi. Ɗumin da mai sha ke ji jini ne da ya taso kusa da fata, zafin jikin ma fita yake yi. Barasar da ke cikin kwalbar fam miliyan biyu kuwa ita ce dai a cikin ta fam ashirin. Tun 1988 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa giya a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, a Janairun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon sha da za a kira shi marar illa.