Kyautar Dashe da Ƙaiƙayin da Ke Biyo Ta

A garuruwan da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ba kasafai ake sayen dashe ba. Mai lambu a Bakura zai ciro wa maƙwabcinsa ɗan mangwaro, na Maradun ya saro wa abokinsa reshen aguwa ko bini-da-zugu ya kafa shinge, wani kuma ya dawo daga kasuwar Talatar Mafara da ƙwallon kashu a aljihu. Al'ada ce mai kyau. Sai dai akan miƙa itacen ne ba a faɗi halinsa ba.

Mangwaro da kashu dangi ɗaya ne da wani tsiro na Amurka da ya yi ƙaurin suna wajen ƙona fata. Shi ya sa ƙaron da ke tsartuwa daga hancin ɗanyen mangwaro yakan fito wa wasu yara da ƙuraje a leɓe da kumatu. Ba nan take suke fitowa ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3, lokacin uwa ta manta da batun mangwaro tana zargin zafi ko sammu. Man ɓawon kashu ya fi haka tsanani, yana tayar da bororo, hayaƙin gashinsa ma yana kumbura fuska. Maganin farko shi ne sabulu da ruwa mai yawa da wuri, har ƙarƙashin farce, a kuma wanke riga da wuƙar da aka yi aiki da su. Ruwan bororon ba ya yaɗa ciwon, amma kada a fasa shi.

Karara kuwa nata daban ne. Gashin jikin kwafsonta ne ke soke fata, susa kuma ƙara cusa shi take yi. A tuɓe tufa, a manna salatif a wurin a ɗaga a hankali, sannan a yi wanka. Manja da mutane ke shafawa yakan ɗan kwantar da raɗaɗi. Man Calamine da tsumma mai sanyi sun fi shi, ƙwayar Piriton kuma tana taimakawa da dare, amma a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a ba yaro.

Abin da bai kamata ya taɓa wurin ba: kananzir, fetur, man birki, ruwan batir. Duk sun zama “magani” a bakin wasu, alhali ƙuna suke ɗorawa a kan ƙuna.

Ido ne wurin da ba a wasa. Nonon tinya yana ƙona shi da azaba, na tumfafiya kuwa ya fi yaudara, domin sau da yawa ba ya zafi sosai, sai mutum ya ga hazo ya rufe masa gani bayan 'yan sa'o'i. A kwarara ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20, kada a ɗiga nonon mace ko ruwan sukari, a wuce babban asibitin Talatar Mafara ko mafi kusa. Haka ma idan fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ko ƙurajen suka fara mugunya.

Wanda ya karɓi bini-da-zugu kuma a gaya masa ya nisanta shi da inda yara ke wasa. 'Ya'yansa suna da garɗi a baki, kaɗan daga cikinsu sun isa su jawo amai da gudawa mai tsanani.